Sandar Masu Lamba

Ku matso kusa, jikoki, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu kura cikinta babu aljani, kuma in na ƙare ba wanda zai yi dariya. Ke mai biro, rubuta yadda ya fito bakina, kada ki gyara mini zance. Na sani kun taso kuna jin ana cewa kakarku Kulu ta bar gidan malamai na Tambuwal saboda rashin kunya, wai ta tsaya gaban taro ta yi abin da ɗiyar mutunci ba ta yi. Rabin zancen gaskiya ne. Ɗaya rabin shi zan ba ku yau, tun ƙasa ba ta rufe mini ido ba.

Ni mutuniyar ƙasar Kebbe ce, wani ɗan ƙauye bayan Fakku. Anka kawo ni Tambuwal bayan an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, damina guda ta shiga tsakani. Aure ne na so da yarda. Kakanku Sahabi malamin elemantare ne, En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ke biyansa, yana da keke, yana da rediyo, abin da ba kowane gida ba. Ubansa Malam Haliru malamin zaure ne, mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ɗaga harshe ba. Uwarsa kuwa Inna muke ce mata. Ban daɗe da tarewa ba agana ta sauko. Ku ba ku san agana ba, Allah kada ya sanar da ku. Ƙuraje ne ke rufe mutum tun daga tsakar kai har tafin ƙafa, har uwa ta kasa gane ɗanta. Anka yi ta kafa bukkoki bayan gari ana kai masu ita, masu haƙa kabari sunka gaji har hannu ya yi kanta. Ta ɗauke ƙanena can gida, ta kwantar da Sahabi ta tashe shi da zanzana duk fuska. Kuma ba mu kaɗai ba, mahajjata da fatake duk wanda ya dawo sai ya ce ya iske ta gaba, ya baro ta baya.

Da daminar da ta biyo bayan wannan annoba na haifi ɗan fari, namiji. Anka mayar masa da sunan Malam, gida kuwa anka riƙa kiransa Malami don kada a kama sunan babba. To ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa da uba. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa gaban mutane, in an tambaye ki 'ya'yanki ba ki sa shi cikin lissafi. In ya faɗi gabanki sai ki kawar da kai har wata ta ɗaga shi. Nawa kuwa kunya biyu ce ta haɗu, ga shi ɗan fari, ga shi da sunan suruki. Da anka yaye shi ya koma ɗakin Inna, can yake ci can yake kwana. Yana kirana Kulu yadda ya ji kowa na kira. Ni kuma sai dai in ce “kai” ko “wancan yaron”, in zuba masa fura in tura da ƙafa kamar ba da gangan ba, ina kallon yadda yake sha ta wutsiyar ido.

Yaron ya ɗauko tsawon dangin uwata, dogaye ne kamar giginya. Yana tafiya tsakanin sa'o'insa ya fi su da kai guda. Wannan ya hana Inna sukuni, don ta san baki. Yaro in ya fi shekarunsa girma, mutane na mamaki, mamaki kuwa ba tare da “tubarkalla” ba yana karya yaro. Sai ta samo dabara: duk wanda ya tambayi shekarunsa sai ta ƙara masa. In ta ce ya girma, ba mai mamakin tsawonsa. Don ƙauna ta yi, wannan kada ku manta da shi ko da kun ji abin da ya biyo baya.

Wata rana da hantsi, ran da ba makaranta, Sahabi yana zaune da rediyonsa ina tankaɗe, ga uwarku Asma'u tana goye a bayana, sai ya rage murya ya juyo.

“Kulu, kin ji abin da anka ce? Ƙasashen duniya sun zamna sun yi shawara. Har waɗanda ba su ga-maciji da juna sun sa hannu. Wasu su kawo magani, wasu mota, wasu ma'aikata. Sun yi alkawali sai sun kori agana daga bayan ƙasa, kuma nan wajenmu za su haɗa da baƙon dauro.”

Na ce, “Su da ba su san mu ba?”

“Cuta ba ta san iyaka ba, shi ya sa. In ta rage Tambuwal, gobe tana iya kwana garinsu.”

“Ashe don kansu za su yi, ba don mu ba.”

Ya yi dariya ya ce, “Ke dai in ruwa ya sauka gonarki, mi ya dame ki da wanda ya roƙa?”

Baƙon dauro shi ya tsaya mini a rai. Agana takan yi shekaru ba ta zo ba, shi kuwa kowace bazara sai ya zo ya karɓi rabonsa cikin yara. Wanda bai kashe ba ya bar shi da makanta ko tari mai cin ƙirji. Kuma kada wani ya gaya muku gidanmu sun ƙi lamba, wato rigakafi. Malam da kansa ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, ya ce kowa ya fito da iyalinsa, har matan kulle.

Ranar da sunka zo, anka tara mu ƙarƙashin tsamiyar ƙofar hakimi, maza gefe mata gefe. Jif biyu ne. Akwai Bature guda da rana ta gasa wa wuya ya yi ja, da direba mutumin Kudu, da malaman lamba, babbansu Malam Garba mutumin Dogon Daji. Ba da tsaga sunka yi ba irin ta da. Wata bindiga ce da ake takawa da ƙafa, a ɗora bakinta ga dantse, ka ji “fat”, an gama. Malam Haliru ne ya fara naɗe hannun riga. Gefe guda kuwa sun kafa gwafa biyu sun gitta sandar gora a kai. Malam Garba ya hau bayan mota ya ɗaga murya.

“Jama'a, lambar agana ta kowa ce, babba da yaro, a dantsen hagu. Ta baƙon dauro kuwa a dantsen dama, amma tsada gare ta, waɗanda sunka aiko ta sun ce ta ƙanana ce kaɗai, waɗanda ba su wuce shekara fuɗu ba. Tun da ba mu da takardar haihuwa, ga sanda nan. Yaron da ya wuce ƙarƙashinta a yi mashi biyu. Wanda ta tare, guda.”

Nan mata sunka shiga raha. Wata mai ƙosai da muke kira Ta-Allah ta dungure wa ɗanta kai tana cewa, “Duƙa, ɗan banza, yau ba ranar nuna tsawo ba ce!” Wata ta ce da ita, “Ke ma duƙa ki wuce, ai ba ki fi shi ba.” Anka yi ta dariya. Gidanmu na can wajen ƙarshen layi, don Inna ta ce matan malamai ba su turereniya, rana kuwa ta riga ta karkata. Anka yi wa Asma'u biyu, ta tsala ihu. Ni ina baya da goyo, Inna na gaba riƙe da Malami. Shi kuwa kakansa ya koya masa namiji ba ya tafiya a sunkuye. Ya miƙe ƙirji ya taka, sai goshinsa ya bugi sanda. Abin da ya ɗara ta bai fi yatsa biyu ba.

Malam Garba ya dube shi, ya buɗe masa baki ya dubi haƙora, ya ce, “Iya, shekarunai nawa?”

Inna ta ga idanun mata duk suna kan yaron. Ta ce, “Wanga maigidan nawa? Ai tsoho na, haihuwar shekarar tuta. Ba ka ga ya kusa fara ba ni cefane ba?”

Shekarar tuta ni ko lalle ba a sa mini ba. Duk matan da ke wurin sun sani, amma wa zai ƙaryata matar Malam? Malam Garba bai gamsu ba. Ya ɗaga kai ya ce, “Ni dai fuskar ƙaramin yaro nika gani. In uwatai na kusa ta yi magana. In ta shaida, sai mu yi mashi.”

Na duba gefen maza, na hangi Sahabi yana jera 'yan makarantarsa. Ya ji, na san ya ji, don ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Na dubi Malam yana zaune bisa buzu kusa da hakimi. Na dubi yaron, an riga an yi masa ta hagu, dantsen dama kuwa fili ba komai. Sai na tuna wata bazara can ƙauyenmu da anka fitar da yara uku daga gida guda, ɗaya bayan ɗaya, a naɗe cikin tabarma. Ban san sa'ad da ƙafata ta ɗauke ni ba. Na ratsa mata, na ɗora hannu bisa kansa, abin da ban taɓa yi gaban mutane ba, na ce:

“Ga uwatai. Ni na haife shi, da daminar da ta biyo bayan agana. Bai cika fuɗu ba. Sunanai Haliru.”

Ba wanda ya tambaye ni suna. Bakin da ya daɗe a rufe ne, da ya buɗe bai san inda zai tsaya ba. Mata sunka ɗauki salati, wasu sunka rufe fuska da gyale. Cikin numfashi guda na amsa ɗan fari, na ƙaryata uwar miji, na kama sunan suruki yana zaune yana ji. Malam ya tashi, ya naɗe buzunsa, ya tafi bai waiwaya ba. Yaron kuwa ya ɗago kai ƙarƙashin hannuna yana kallona da mamaki, ya ce:

“Kulu, ni ɗanki na?”

Ban samu amsa masa ba. Inna ta fizge hannunsa tana kuka tana cewa na tona shi ga bakin duniya. Na riƙe ɗaya hannun. Mata sunka shiga tsakani, wasu na ba ta haƙuri wasu na zagina. Malam Garba ya ruga wajen Bature da ke can bayan mota. Duk wannan hayaniya bindiga ba ta tsaya ba, mai taka ta yana ta yi wa sauran yaran da sunka rage. Kafin Bature ya iso an yi kiran la'asar, kwalbar maganin baƙon dauro da ke bakin bindiga kuwa ta ƙare tas. Baturen ya durƙusa ya dubi yaron, ya yi magana mai tsawo, Malam Garba ya mayar mini da Hausa.

“Ya ce ya yarda da ke. Amma kwalba guda ta yara da yawa ce, in an fasa ba ta kwana. Waɗanda sunka rage an kasa su gari-gari tun can inda anka aiko su, shi ba shi da iko shi fasa ta wani gari don yaro guda. Muna bin ƙauyuka har ƙasar Kebbe. Ku kawo shi Fakku. In ba ku samu ba, baɗi muna dawowa, wannan alkawali na.”

A gida Malam bai yi faɗa ba. Ya kira Sahabi zaure, ya fito da saƙo: Kulu ta je gida ta huta, iyayenta su tuna mata abin da ta manta. Ba saki ba ne. Da na ji haka har na ji sanyi, don hanyar gidanmu ta Fakku take bi. Na durƙusa ƙofar ɗakin Inna na ce ta yi wa Allah ta ba ni yaron in tafi da shi, hanya guda ce, a yi masa a dawo mata da shi.

Ta amsa daga ciki, “Kin kira shi gaban duniya, yanzu kuma ki goya shi ki ratsa gari? Yau kowa ya san ƙanƙane na ga tsawo kamar rimi. Ba ni ƙara fidda shi ido ya gan shi.”

Na koma wajen Sahabi na ce to shi ya kawo shi bisa keke. Ya ce zai ga abin da za a yi.

Ƙanen ubana ya zo da jaki ya ɗauke ni, da Asma'u a baya. Muna yada zango muna tashi, har munka isa Fakku, munka iske jif ɗin nan biyu sun riga mu, an kafa gwafa an gitta sanda. Na roƙi baffana mu tsaya. Na zauna gindin wata ɗorawa inda nake ganin hanyar da ta fito daga Tambuwal. Duk abin da ya ɓullo daga nesa sai in miƙe, in ga ashe mai itace ne ko Bafulatana da ƙwarya. Rana ta raba, ta karkata. Yaran Fakku sunka ƙare, ga kwalba a bakin bindiga ko rabi ba ta yi ba. Malam Garba ya yi ta kira, “Akwai sauran yaro? Jama'a, akwai sauran yaro?” Sai idonsa ya faɗa kaina. Ya taho da sauri.

“Ke ce ta Tambuwal. Ina shi?”

Na kaɗa kai. Ya tsaya tare da ni yana duban hanya, ya jinkirta har direba ya yi ta matsa masa oda. Daga nan ya kwance kwalbar, ya je gindin ɗorawar nan ya tuntsurar da ita. Ina kallo ƙasa ta shanye. Abin da aka ɗauko daga bayan teku, ya hau jirgi, ya hau mota, ƙasashe sunka haɗu a kansa, ga inda ya ƙare, ɗan danshi da bai kai tafin hannu ba.

Da bazara baƙon dauro ya shiga Tambuwal. An ce kamar yana riƙe da sandar nan yana awo: ya tsallake duk yaran da sunka wuce ƙarƙashinta, ya bi waɗanda ta tare. Ɗan Ta-Allah da ya duƙa ko zazzaɓi bai yi ba. Saƙon rasuwar yaron ya iske ni ina sussuka, bayan an riga an binne. Uwata ta kama ni ta ce in haɗiye, ɗan fari ba a yi masa kuka a fili. Na ce da ita kunyata na riga na kashe ta ƙofar hakimi, ba ta saya mini komai ba, ba ni da sauran da zan rufe baki da ita. Na yi kuka har maƙwabta sunka cika gida.

Baɗin da sunka ce kuwa ba mu gan su ba. Kafin damina ta sauka anka yanka Jihar Arewa gunduwa-gunduwa, yaƙi ya tashi, ba mai zancen yara. Da sunka dawo daga baya wasu mutane ne daban, kuma babu sanda. Na tambaya, anka ce ai an sake shawara can sama. Waɗanda sunka gitta ta da waɗanda sunka ɗauke ta, ba wanda ya san da wani yaro mai tsawo a Tambuwal.

Bayan arba'in Sahabi ya zo biko, bisa keken nan. Ya rame har zanzanarsa ta ƙara zurfi. Ya ce Malam ya yafe, Inna na nemana. Na ce tambaya guda gare ni.

“Kai ka ji rediyo, kai ka gaya mini abin da duniya ta shirya. Mi ya hana ka kawo shi?”

Ya ce, “Na fito da keken, Kulu. Har na ɗaura zane bisa kariyar baya inda zai zauna. Sai na ga almajiran Malam zaune ƙofar gida. Ƙaƙa zan ɗauki ɗan fari in ratsa su?”

Na ce ya koma, Allah ya ba mu haƙuri. Ban zage shi ba, ban kuma bi shi ba. Ba fushi ya hana ni ba. Na san in na koma zan riƙa wucewa ƙofar ɗakin Inna, kuma za a sa ran in yi kamar ba ni na yi rashi ba.

Ga yadda kowa ya ƙare. Malam Haliru ya rayu har ya tsufa ƙwarai, an ce bai ƙara yarda an sa wa jika sunansa ba. Inna ba ta ga damina biyu bayan yaron ba. Ta rikice, tana zagaya gida da ƙwaryar fura tana cewa maigidanta bai karya ba. Na yafe mata tun tana da rai, na aika an gaya mata, ban sani ba ko ta gane. Sahabi ya aiko mini da takardata, ya sake aure, ya zama hedimasta, ya sayar da keken bai ƙara hawa wani ba. Shi ya ɗauki uwarku ya sa ta makaranta, wannan alheri nasa ne. Malam Garba na ƙara ganinsa sau ɗaya a kasuwar Kebbe, ya yi furfura, ya gane ni, munka gaisa ba wanda ya tayar da zancen. Bature da direba ban san inda sunka nufa ba. Asma'u ta rayu da tabo biyu, ta haife ku. Ni na yi wani aure nan Kebbe, Allah bai ƙara ba ni haihuwa ba.

Agana kuwa sun kore ta, ban hana su gaskiyarsu ba. Ba ɗayanku da ya taɓa ganin mai ita. Duk sa'ad da masu rigakafi sunka zo ƙofar gida ni ke fara tura ku, kun sani. Amma in an ce duniya ta haɗa kai ta cika alkawali, ni abin da nake gani yaro ne kwance a ƙasar Tambuwal, dantsen hagu da lamba, na dama fili. Ya yi mini tambaya guda a rayuwarsa, ban amsa ba.

Nan zancena ya tsaya, ku karɓi kunnuwanku. Ke mai biro, kafin ki rufe, rubuta amsar a fili inda kowa zai gani, da sunan gaba ɗaya: I, Haliru, kai ɗana ne.